Matoshin kwarmin jirgin ruwa

Matoshin kwarmin jirgin ruwa ɗan guntun ƙarfe ne ko roba da ake toshe ramin zubar da ruwa na can ƙasan jikin jirgi da shi. Da gangan ake huda ramin, domin ruwan da ya taru a cikin jirgi ya tsiyaye da kansa idan an fito da jirgin kan tudu. A jiragen shaƙatawa masu filafilai, waɗanda iska ke korawa, matoshin yana nutse ne muddin jirgin yana kan teku ko tafki. Kaurinsa kamar na babban yatsa ne, kuma yana cikin kayan jirgi mafi araha, amma idan ya fita ko ya karye, ruwan da zai shigo ta raminsa ya isa ya nutsar da jirgin cikin 'yan awoyi. Shi ya sa ake duba shi duk lokacin da aka ɗaga jirgi daga ruwa, ana kuma sauya shi da zarar ya nuna alamar lalacewa.

## Kwarmin jirgi da dalilin huda shi

Kwarmin jirgi shi ne wuri mafi zurfi a cikin jirgi, ƙarƙashin katakan da ake takawa. Masu harkar jiragen ruwa suna kiransa bilji. A ƙarƙashin jirgi mai filafilai akwai wani faffaɗan nauyi na dalma ko na baƙin ƙarfe da ake kira kil, wanda ke hana iska kifar da jirgin. A jirage da yawa kwarmin yana zurfafa zuwa saman kil ɗin, ya zama kamar 'yar rijiya. Duk ruwan da ya shiga jirgi can yake gangarawa: ruwan sama da ya biyo ta cikin dogon sandan da ke riƙe da filafilai, ɗigon da ke fitowa ta inda sandar farfela ta ratsa jikin jirgi, da gumin da ke kwantawa a bangon jirgi idan an yi sanyi.

Idan jirgi yana kan ruwa, famfo ne ke kwashe wannan ruwa. Matsalar tana tasowa ne lokacin da aka ajiye jirgin a tudu na tsawon watanni. A arewacin Turai, Kanada da arewacin Amurka, ana fitar da yawancin jiragen shaƙatawa daga ruwa a lokacin hunturu. Batir yana mutuwa, famfo ya tsaya, ganyaye su toshe hanyoyin da ruwan sama ke bi ya fita, sai ruwan ya koma ciki. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma wannan kumburi yana iya tsaga jikin jirgi a kewayen kil. A yankin Karibiyan, inda ake ajiye jirage a tudu a lokacin guguwa daga Yuni zuwa Nuwamba, babu ƙanƙara, amma mamakon ruwan sama yana iya cika kwarmin har ya kai ga inji da wayoyin lantarki. Idan an cire matoshin, ruwan yana zuba ƙasa ba tare da wani ya zo ya kwashe shi ba.

Ba kowane jirgi ake ƙerawa da wannan rami ba. Wasu masu jirage ne ke sa a huda musu daga baya, wasu kuma suna ƙin sa gaba ɗaya, a ganinsu kowane rami a ƙarƙashin ruwa ƙarin haɗari ne, sun gwammace su riƙa kwashe ruwan da soso ko na'urar zuƙa.

## Asali

Dabarar ta daɗe a jiragen katako. Masunta na gaɓar Norwe, waɗanda ke jan ƙananan jiragensu zuwa tudu bayan kowace fita, suna da ramin zubar da ruwa da suke toshewa da fiƙaƙƙen itace, suna kiran matoshin *nygle*. A Ingila, katakon farko da ke manne da ƙashin bayan jirgi ana kiransa gabod. Da yake shi ne katako mafi ƙasa, a jikinsa ake huda ramin, har aka san matoshin da sunan matoshin gabod. Sunan bai sauya ba ko bayan da jiragen faiba suka mamaye kasuwa tun daga shekarun 1960, duk da cewa ba su da katako a wurin.

## Ire-irensa

Matoshi mai murɗawa na ƙarfe. Shi ne aka fi samu a jirage masu kil. Kashi biyu gare shi: mazauni, wato faifan ƙarfe mai rami a tsakiya da ake kafawa a jikin jirgi, galibi da sukurori uku, da kuma matoshin da ke shiga cikin ramin. Dukansu suna da haƙoran murɗawa, waɗanda makanikai ke kira tiredi. Girman da aka fi amfani da shi a Amurka shi ne na rabin inci. Kan matoshin yakan zama mai kusurwa huɗu da sifana ke kamawa, ko kuma mai kwarmi da ake zura masa makulli na musamman, domin kada ya yi tsini a waje. Kamfanoni irin su Perko da Groco suna ƙera wannan nau'i da tagulla.

Matoshi mai murɗawa na roba mai tauri. Ana samunsa a ƙananan jiragen tsere da ake ɗauka a tirela. Ba haƙoransa ne ke tare ruwa ba, wata 'yar zoben roba mai taushi ce da ke matsewa idan an ɗaure shi.

Matoshi mai kumbura. Guntun roba ne mai hannu, yawanci mai faɗin inci ɗaya. Ana zura shi cikin bututun da ke bangon baya na jirgi, idan an murɗa hannun ko an lanƙwasa shi sai robar ta kumbura ta cika bututun. An fi amfani da shi a ƙananan jirage masu inji a baya. Bai dace da jirgin da zai shafe watanni a kan ruwa ba.

## Yawan ruwan da ramin ke shigarwa

Ana lissafa gudun ruwan da ke bi ta rami da ƙa'idar da masanin ƙasar Italiya, Evangelista Torricelli, ya gano a 1643. A bisa ƙa'idar, idan zurfin rami ya ninka sau huɗu, gudun ruwa yana ninkawa sau biyu. A zurfin mita 1, ruwa yana shigowa da gudun kusan mita 4.4 a daƙiƙa. Ramin matoshin rabin inci yana da faɗin kusan milimita 18. Idan aka rage abin da ƙuncin bakin rami ke tarewa, ruwan da ke shigowa yana kai kimanin lita 40 a minti ɗaya, wato lita 2,400 a awa, nauyin da ya haura tan biyu.

Ƙaramin famfon lantarki da aka rubuta masa galan 500 a awa yana fitar da kusan lita 1,900 ne, kuma an auna wannan adadi ne ba tare da famfon ya ɗaga ruwa sama ba. A cikin jirgi sai ya tura ruwan ta doguwar mesa zuwa sama da layin ruwa, saboda haka abin da yake fitarwa a zahiri bai kai haka ba. Wannan na nufin irin wannan famfo ba ya iya rinjayar ramin matoshi da ke buɗe. Bugu da ƙari, yayin da jirgi ke ƙara nauyi yana ƙara nutsewa, ramin yana ƙara zurfi dangane da saman teku, kuma ruwan da ya taru yana iya kai wa batir ya kashe famfon.

## Abubuwan da ke lalata matoshi

### Zubewar tutiya

A Hausa kalmar tagulla tana ɗaukar haɗin ƙarfe fiye da ɗaya, amma a aikin jirgi bambancinsu yana da muhimmanci. Tagulla ta ainihi haɗin jan ƙarfe ce da kuza. Wadda aka saba amfani da ita a kayan jirgi tana da kashi 85 na jan ƙarfe, da kashi biyar-biyar na kuza, dalma da tutiya. Biras kuwa haɗin jan ƙarfe ne da tutiya, kuma irin na kayan famfon gida yana ɗauke da tutiya kusan kashi 40. A ido kusan launinsu ɗaya. A ruwan gishiri, tutiyar da ke cikin biras tana narkewa a hankali ta bar jan ƙarfe mai ƙananan ramuka kamar soso. Siffar matoshin ba ta sauyawa, amma ƙarfinsa ya tafi, yana iya gutsurewa a bakin sifana. A 1999, jirgin masu kamun kifi na haya mai suna Random Harvest ya kusa nutsewa a kusa da Brighton a Ingila, kuma hukumar binciken haɗurran jiragen ruwa ta Birtaniya, MAIB, ta gano cewa wani mahaɗin biras da ya ratsa jikin jirgin ne ya karye bayan tutiyarsa ta zube. Akwai nau'in biras da aka inganta domin ya jure wannan matsala, ana buga masa alamar DZR ko CR.

### Haɗuwar ƙarafa mabambanta

Idan ƙarafa biyu daban suka taɓa juna a cikin ruwan gishiri, suna zama kamar batir, ɗaya yana cinyewa ɗayan yana tsira. Rundunar ruwan Birtaniya ta ga haka tun a 1763, lokacin da aka duba jirgin yaƙi HMS Alarm wanda aka lulluɓe ƙasansa da jan ƙarfe shekara biyu kafin nan, aka tarar ƙusoshin baƙin ƙarfe sun cinye. Haka yake faruwa idan aka murɗa matoshin baƙin ƙarfe cikin mazaunin tagulla. A jirgin da jikinsa na alminiyam ne ba a sa tagulla ko biras sam, domin jikin jirgin ne zai cinye. Yoyon lantarki daga wayar famfo da ta nutse a ruwan kwarmi yana hanzarta wannan ɓarna ƙwarai.

### Tsatsar ɓoye

Ƙarfe mara tsatsa yana kare kansa ne da wata siririyar fata da iskar oksijin ke samar masa. A tsakanin haƙoran matoshi, ko a jikin sukurun da ke binne cikin jiƙaƙƙen katako, iskar ba ta isa, sai ƙarfen ya riƙa cinyewa daga ciki alhali kansa yana ƙyalli a waje.

### Gogewa da tsufa

Cirewa da mayarwa kowace shekara, ɗauri fiye da kima, da shigar da matoshi a karkace suna cinye haƙora. Fentin ƙasan jirgi da yashi suna cushewa a cikinsu. Gam ɗin da ke tsakanin mazauni da jikin jirgi yana bushewa ya saki. Zoben roba kuma yana taurara ya tsattsage.

## Alamomin da ke nuna lokacin sauyi ya yi

- Idan aka kankare matoshi da wuƙa ko samfefa aka ga launin ruwan hoda ko ja-ja a maimakon launin zinariya.
- Matoshin yana girgiɗi a cikin mazauni, ko yana shigewa har ƙurya bai ɗaure ba.
- Kusurwoyin kansa sun lashe, sifana tana zamewa.
- Mazaunin yana motsi idan ana murɗa matoshi, ko wani sukuru yana juyawa ba ya kamawa.
- Ruwa yana tsattsafowa a kewayen mazauni, ko akwai farin gishiri ko koren gari da ya taru a wurin.
- A jirgin katako, katakon kewayen ya yi baƙi ko ya yi taushi idan an soka masa tsinke.

## Zaɓen sabon matoshi

Babban kuskuren da ake yi shi ne sayen matoshi a shagon kayan famfon gida don kawai ya shiga ramin. Abu biyu ake dubawa: irin ƙarfen da irin haƙoran. Ƙarfen matoshi ya zama ɗaya da na mazauni. Haƙora kuwa manyan tsare-tsare biyu ne a duniya. Na Amurka, NPT, kusurwar haƙorinsa digiri 60 ce, kuma jikinsa yana tsukewa da ma'aunin 1 cikin 16, wannan tsukewa ce ke sa ya cije ya tare ruwa. Na Birtaniya, BSP, wanda ya yaɗu a Turai da ƙasashe da dama, kusurwarsa digiri 55 ce, kuma yana da nau'i mai tsukewa da nau'i miƙaƙƙe. A girman rabin inci dukansu suna da haƙora 14 a kowane inci, saboda haka ɗaya yana shiga cikin ɗaya har mutum ya zaci sun dace, alhali haƙoran ba su kwanta da juna ba. Irin wannan haɗi yana yoyo, ko ya riƙe da haƙora biyu ko uku kacal. Idan ba a tabbatar da tsarin tsohon mazauni ba, ana sauya mazauni da matoshi tare daga kamfani ɗaya. Ma'aunin ƙasa da ƙasa da ya shafi mahaɗan da ke ratsa jikin ƙananan jirage shi ne ISO 9093, a Amurka kuma ana bin ƙa'idojin hukumar ABYC.

## Yadda ake sauyawa

Ana yin aikin ne kawai bayan an ɗaga jirgi an girke shi a tudu. Idan mazaunin yana da lafiya, matoshin kaɗai ake sauyawa: a wanke haƙoran mazauni da buroshin tagulla, a gwada sabon matoshin da hannu, sannan a ɗaure. Idan mazaunin ma ya lalace, ana bin waɗannan matakai:

1. Kwashe ruwan kwarmi. Ana fara tsane mai da gas ɗin inji da ke yawo a kan ruwan da tsumma mai tsotsa, a ajiye bokiti a ƙarƙashin ramin.
2. Cire tsohon matoshi. Ana kankare fentin da ya rufe shi, a yi amfani da sifanar da ta dace da kansa daidai. Idan ya cije, ana ɗiga masa man sassauta tsatsa, a ɗan bubbuga shi, a jira. Ba a kusantar da harshen wuta ga jikin faiba. Wanda ya ƙi fita ana huda tsakiyarsa da injin huda, ana ƙara faɗin hudar har ɓawonsa ya karye.
3. Cire mazauni. Bayan kwance sukurori, ana yanka tsohon gam da siririyar wuƙa a kewaye, a ɓamɓaro faifan a hankali don kada fatar jirgin ta ɓalle tare da shi.
4. Duba ramin. Ana goge ragowar gam da samfefa, a share da asiton, a bar wurin ya bushe sarai. Wasu jiragen faiba suna da ɓargon katakon balsa ko na kumfa tsakanin fata biyu. Idan ramin ya ratsa irin wannan wuri, ana ƙwaƙule ɓargon da ke kewaye a cike gurbin da ifoksi mai kauri, domin kada ruwa ya bi ta ciki ya ruɓar da shi.
5. Gyara ramukan sukurori. Waɗanda suka buɗe ana cike su da ifoksi, bayan ya daskare a huda sababbi. Inda hannu ke isa ta ciki, ƙusa mai ratsawa da wosha da noti ta fi sukuru ƙarfi. Mazaunin tagulla ana kafa shi da sukurorin tagulla.
6. Gwaji a bushe. Ana ɗora sabon mazaunin ba tare da gam ba, a tabbatar ya kwanta daidai kuma raminsa yana daidai da wuri mafi zurfi na kwarmin.
7. Kafawa da gam. Ana shafa gam na jirgin ruwa wanda aka rubuta cewa ya dace da ƙarƙashin ruwa, irin su Sikaflex 291 ko 3M 4200, a bayan faifan da cikin ramukan sukurori. Ana ɗaure sukurorin bi da bi har gam ya ɓullo ta kowane gefe, a share wanda ya shiga haƙora tun bai bushe ba. Nau'in 3M 5200 yana kamawa da ƙarfin da zai wahalar da cirewa nan gaba, kuma yana iya ɗaukar mako guda kafin ya gama bushewa. Gam na silikon bai dace da wannan aiki ba, nau'in folisalfaid kuma yana lalata wasu robobi.
8. Ɗaure matoshi. Bayan gam ya bushe, ana naɗa wa haƙoran matoshi farin tef na masu aikin famfo ta fuskar da ake murɗawa, ko a shafa man toshe haƙora. Ana fara murɗawa da yatsu domin a ji ko ya shiga daidai, sannan a ƙara zagaye ɗaya zuwa biyu da sifana. Wuce haka yana iya tsaga mazauni ko ya raba shi da gam. Ba a amfani da giris mai ɗauke da garin girafait, domin yana ƙara cin ƙarfe a ruwan gishiri.

## Mayar da jirgi ruwa da kulawa

Lokacin da aka sauke jirgi a ruwa, ana barin ɗamarun na'urar ɗagawa a jikinsa har sai wani ya shiga ya ɗaga katakan daɓe ya haska kwarmin da tocila. Ana sake dubawa bayan 'yan awoyi da kuma washegari. Mantawa da mayar da matoshi bayan ajiyar hunturu sanannen sanadin cikar jirage da ruwa ne a ranar saukarwa, shi ya sa masu jirage ke ɗaure matoshin da aka cire a jikin sitiyari ko makullin inji, inda ba za a iya tashi ba tare da an gan shi ba. Ana kuma ajiye matoshi na biyu da sifanarsa a cikin jirgi.

Idan matoshi ya fita alhali jirgi yana kan ruwa, ana cusa fiƙaƙƙen katako mai taushi a ramin ta ciki, a buga shi da guduma. Katakon yana shan ruwa ya kumbura ya ƙara kamawa. Ƙa'idojin tseren teku na hukumar World Sailing sun wajabta ajiye irin wannan katako kusa da kowane mahaɗin da ya ratsa jikin jirgi. Wannan maganin wucin gadi ne har a kai inda za a ɗaga jirgin.

## Muhalli da doka

Ruwan kwarmi yakan gauraya da man inji, kuma ƙasashe da yawa sun haramta zubar da shi cikin teku ko tafki. Yana kuma ɗaukar ƙananan halittu daga wani ruwa zuwa wani. Wata ƙaramar ƙumba mai zane irin na jakin dawa, wadda asalinta yankin tekun Kasfiyan da Baƙin Teku ne, an gano ta a tafkin St. Clair da ke tsakanin Amurka da Kanada a 1988, daga nan ta bazu tana toshe bututun ruwan sha da na tashoshin lantarki. 'Ya'yanta ba sa ganuwa da ido, kuma suna rayuwa a ɗan ruwan da ya rage a cikin jirgi. Saboda haka jihar Minnesota da wasu jihohin Amurka suka kafa dokar da ta tilasta cire matoshin jirgi a bar shi a buɗe duk lokacin da ake jan jirgin a kan titi.

## Duba kuma

- Jirgin ruwa mai filafilai
- Famfon kwarmin jirgi
- Tagulla
- Tsatsa